Rijiyar solar unguwarmu ta tsaya wata biyar, wa ke da alhakin tayar da ita?

Sakataren Unguwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata damuwa, kuma na san a cikinmu akwai masu sana'ar sola da malamai da injiniyoyi, shi ya sa na kawo ta nan.

Shekara uku da suka wuce wani bawan Allah ya haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a gefen masallacin unguwarmu. Faranti takwas a kan ƙarfe, tanki biyu, kan famfo shida. Ranar buɗewa an kafa rumfa, mai unguwa ya zo, liman ya yi addu'a, aka ɗauki hotuna. Wallahi mun sha daɗinta, mata sun huta, 'yan garuwa ma a nan suke cika kura. To yau wata biyar ke nan ko ɗigo ba ta kawowa. Wanda ya haɗa ta daga wani gari aka ɗauko shi, lambarsa ta daina shiga. Ba a bar mana takarda ko ɗaya ba. Ba mu san zurfin rijiyar ba, ba mu san ƙarfin famfon da ke ciki ba, akwatin da ke jikin bango a kulle yake, makullin kuwa ya tafi da shi.

Jiya bayan sallar asuba na haɗu da wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, da jarka a ka, tana dawowa daga rijiyar bayan maƙabarta, zanenta duk ya jiƙe. Ƙarfe bakwai da rabi ake rufe ƙofar makarantarsu. Farantan nan takwas suna sama suna shan rana a banza, ita kuma tana wucewa ta ƙarƙashinsu.

Ina neman mai gyara, amma abin da ya fi damuna ya wuce haka. Fitilun solar kan titinmu ma haka suka yi, shekara ɗaya da rabi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa duk abin zamani da aka kawo mana ba ya tsufa a hannunmu?

Mai Sola: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Kafin komai, don Allah kada ku bari kowa ya ciro sumo, wato famfon da ke nutse cikin ruwa, daga cikin rijiyar tukuna. Shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, amma shi ne wasu ke fara cirowa saboda a nan kuɗin aiki yake. Ana farawa ne daga sama: a auna wutar da farantan ke bayarwa da tsakar rana, a duba ko ɓera ko ɓarawo ya yanke waya, sannan a buɗe akwatin nan a ga ko kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa sumo, na kawo fitila. A cikin irin aikin da ake kirana, sau da yawa kwantirola ce ta ƙone, musamman in an yi tsawa kuma ba a binne ƙarfen da ke sauke wuta zuwa ƙasa ba. A wane wata ta tsaya?

Sakataren Unguwa: Ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka. Ta fara ne da kawo ruwa kaɗan kaɗan mai haɗe da yashi, sai wata rana ta yi shiru.

Mai Sola: To wannan ba alamar tsawa ba ce. Ruwan ƙasa ne ya ja baya, sumo ya riƙa juyawa babu ruwa. Shi kuwa ruwan da yake turowa shi ke sanyaya shi, in babu sai ya yi zafi ya ƙone. Akwai ɗan abin da ake sa masa ya kashe kansa in ruwa ya yi ƙasa, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sumon ba, amma mai kwangila in yana son ya rage kashe kuɗi shi yake fara tsallakewa, don ranar buɗewa ba wanda zai gane babu shi. Duk da haka sai an auna, kada a yi aiki da zato.

Maganar fitilun titi kuwa, batir ne. Farantin sola mai kyau ana ba shi garantin shekara 25, amma batirin dalma ko da kulawa 'yan shekaru yake yi, kuma zafi ke cin ransa. An ƙera shi ne a kan ma'aunin zafi 25, duk ƙarin digiri 10 a kan haka kusan rabin rayuwarsa yake ɗaukewa. Ka tuna yadda Kano take a watan Afrilu, ta haura 40, sannan batirin yana cikin akwatin ƙarfe a rana. Duk wanda ya kafa fitilar ya san batirin zai mutu. Abin da ba a yi ba shi ne a ce ga wanda zai saya sabo, ga kuma inda kuɗin zai fito.

Maman Hanifa: Malam Sakatare ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ni malamar makaranta ce. An taɓa kawo mana kwamfuta ashirin, aka yi wa ɗaki fenti, aka sa labule. Ba a kawo mana malamin da ya iya su ba, ba a ware kuɗin mai ba, kuma aka ja wa shugaban makaranta kunne cewa in ɗaya ta ɓace shi zai biya. Me kake tsammani zai yi? Ya sa kwaɗo ya rufe. Bayan shekara biyu da muka buɗe, ƙurar hunturu ta cika su, zanzaro ya yi gini a cikin guda biyu, ɓeraye sun cinye wayoyi. Ɗalibanmu kuwa tun 2015 da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, wasunsu ranar jarrabawar suke fara ɗora hannu a kan linzami. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta fito tana kuka, ba don ba ta san amsa ba, hannunta ne ke rawa.

Ɗalibin Injiniya: Anti, ko da an buɗe ɗakin yau akwai wata matsalar da ke jiran su. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa saboda tana buƙatar wani guntun tsaro da ba su da shi. Yawancin na hannu da ake kawo mana irin waɗannan ne. Lafiyarsu ƙalau, amma wanda ya yi manhajar ya juya musu baya. Ana iya sa musu wata manhajar mai suna Linux su ci gaba da aiki shekaru, kyauta ne, sai dai wa zai koya wa malamai?

Ni a ganina tushen abin shi ne ba mu muke ƙerawa ba. A 2025 ministan kimiyya ya yi maganar hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa na gida, hukumar ƙere-ƙere ta gwamnatin tarayya, NASENI, ma tana da masana'antar haɗa faranti a Karshi kusa da Abuja. In muna yin abinmu, kayan gyara ba za su gagare mu ba.

Mai Sola: Ƙanena, ina son a ƙera a gida kamar yadda kake so, amma dubi rijiyar da ake magana a kai. Me ya lalace? Faranti takwas suna nan garau. Faranti shi ne abin da ya fi komai daɗewa a cikin haɗin. In aka rufe iyaka a kansa tun na gida bai wadata ba, tsada kawai zai ƙara, alhali tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 talaka da mai shago da manomin rani suka rungumi sola don fetur ya fi ƙarfinsu. Abin da ke kashe mu ƙananan kaya ne da rashin masu gyara. Kwantirolar wannan kamfani ba ta aiki da sumon wancan. Ka sayi abu bana, baɗi ka koma kasuwa a ce an daina kawo irinsa. Ga dala da ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin shekara guda, kayan da aka saya da sauƙi jiya yau gyaransa ya fi kuɗin sayensa.

Ka tuna famfon tuƙa-tuƙa? Irin su India Mark II da Afridev. Abin da ya sa suka yi ƙarko shi ne iri ɗaya ne ko'ina, robar da ta cinye a wannan ƙauye za ka samu irinta a kasuwar gaba, kuma makanikin keke ma in an nuna masa zai iya canza ta. Sola ba mu yi mata haka ba. Kowane ɗan kwangila da irin da yake kawowa.

Ɗalibin Injiniya: Wannan gaskiya ne Yaya. Turai ma sai da doka ta tilasta, daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar waya da za a sayar a ƙasashen Tarayyar Turai sai da bakin caja iri ɗaya. Amma ban janye maganata ba, wanda ba ya ƙerawa ba shi ke tsara doka ba.

Baban Sadik: Ku bar dogon turanci. Gwamnati ce ya kamata ta gyara, ina amfanin ƙaramar hukuma?

Sakataren Unguwa: Mun kai takarda sau biyu. An karɓa, an ce ba aikinsu ba ne tunda ba su suka haƙa ba. Shi kuma bawan Allahn da ya haƙa, ya yi nasa, ni dai kunya ba za ta bar ni in koma masa da kokon bara ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, daga Nijar nake. Mu mun ga ranar sola a hanya mai wuya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Nijeriya ta yanke mana wuta, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga can yake zuwa. A lokacin ne tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai ta fara aiki ta rage mana zafi, kuma duk mai ɗan hali ya nemi faranti ya ɗora a kan ɗaki. Don haka ba na raina ta.

Amma a maganar ruwa, Malam Sakatare, a ƙauyukanmu da dama ba a ɗibar ruwan famfo kyauta. Akwai mai zama a bakin famfo, kowace jarka da 'yan dalolin sefa da ake biya, daga ciki ake biyansa, saura a ajiye don gyara. Wasu garuruwan ma wani ɗan kasuwa ake damƙa wa aikin da yarjejeniya da magajin gari. Ba zan ce maka babu matsala ba, na ga inda aka cinye asusun, ranar da famfo ya tsaya aka buɗe akwati babu komai. Amma inda aka riƙe amana, famfo ya lalace da safe, kafin kwana uku ya tashi. Ku shekara biyu da rabi kuna sha, da kuna ajiye wani abu kullum, da yau ba a wannan magana.

Baba Liman: Ɗan Maraɗi, Allah ya yi maka albarka, amma a nan ban bi ka ba. Ni ne na yi addu'a ranar da aka buɗe rijiyar nan, kuma da kunnena na ji mai ita ya ce sadaka ce ga iyayensa da suka rasu. Ta yaya za mu tsaya a bakin sadakar mutum muna karɓar kuɗi? Akwai gwauruwa a bayan gidana da marayu huɗu, wata rana naira hamsin ma ba ta kwana da ita. In ta zo da bokiti a ce sai ta biya, da wane ido zan kalle ta a unguwa? Ruwa ba abin da ake hana mai ƙishi ba ne.

Maman Hanifa: Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa in na yi kuskure. Ita wannan baiwar Allah, yau da rijiyar ta tsaya, a ina take samun ruwa? Ko dai ta saya a hannun 'yan garuwa da tsadar da ta ninka, ko ta tura yaranta bayan maƙabarta. Kyautar da muke karewa wata biyar ke nan babu ita. Kuma ladan da ake so ya riƙa gudana zuwa ga iyayen mai rijiyar, ai ruwa ne ke ɗauke da shi.

Baba Liman: 'Yata, maganarki ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Bari in faɗi abin da na sani. Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Asalin abin ke nan, ba a sayarwa. Amma malaman fiƙihu da suka yi bayanin waƙafi sun ce in waƙafi yana da abin da yake samarwa, gyaransa ake fara cirewa kafin a raba wa masu haƙƙi, domin in asalin ya rushe kowa ya rasa. Shi ya sa mutanen da in sun gina masallaci ko makaranta sukan haɗa da gona ko shago da zai riƙe shi. Mu yanzu mun ɗauki rabin sunnar mun bar rabi, muna ginawa ba ma barin abin riƙewa.

Ga inda zan iya tsayawa. Mai ɗiba don sha da girki a gidansa kada a karɓi ko kwabo a hannunsa a bakin famfo. Amma ɗan garuwa da ke cika jarka goma sha biyu ya je ya sayar, da mai wankin mota, da mai buga bulo, waɗannan kasuwanci suke yi da sadakar wani, su biya. Magidanta masu hali kuma a sa musu wani abu duk wata, a karɓa a masallaci, ba a gaban mata da yara ba.

Baban Sadik: Baba in aka sa wa 'yan garuwa kuɗi, a kanmu za su fanshe.

Ɗan Maraɗi: Za su ƙara kaɗan, amma yanzu da suke tafiya nesa ba su ƙara ba ne? Tambayi masu saye.

Anti Nas: Ku yi haƙuri zan mayar da ku baya kaɗan, don Mai Sola ya faɗi wata magana aka wuce ta. Ya ce batir zai mutu. To in ya mutu ina yake zuwa? Ni 'yar Zamfara ce, kuma duk wanda ya yi aikin asibiti a wajenmu ba ya jin kalmar dalma hankalinsa ya kwanta. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Wancan daga dutsen zinariya ne da ake daka a cikin gida, ba daga batir ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Amma gubar ɗaya ce. Yaro ya yi rarrafe a ƙasa, ya sa hannu a baki, shi ke nan ta shiga. Sai amai, sai jijjiga, wanda ya rayu kuma wani ƙwaƙwalwarsa ba ta komawa daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa.

Kwanaki na bi ta wani lungu na ga saurayi yana fasa batirin inbata da gatari, ya tuntsurar da ruwan a kwata, yara biyu suna tsugune suna kallo, ɗaya da rake a hannu. Batir irin wannan fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Yanzu kusan kowane layi akwai gida mai batir biyu ko huɗu. Nan da 'yan shekaru duk za su fito.

Ɗan Gwangwan: Anti, ni sana'ata ke nan, shekara sha huɗu ina jari bola, kuma ba zan ce ƙarya kika yi ba. Amma a yi mana adalci. In ba mu ba, wa ke zagawa lungu lungu yana kwashe wannan kaya? Babu motar gwamnati da ta taɓa zuwa ƙofar gidan kowa ta ce kawo mataccen batir. Mu muke saye da kuɗinmu, mu tara, a loda a mota zuwa kudu inda masana'antun narkawa suke, irin na Ogijo a jihar Ogun. Yaran da ke zubar da ruwan suna yi ne don a kilo ake saye kuma mai saye ba ya biyan kuɗin ruwa, ga shi yana cinye buhu yana ƙona jiki a hanya. Ni a wajena na hana fasawa, yadda ya zo haka yake tafiya. Amma na kusa da ni yana fasawa, yana cin riba fiye da ni. In kamfanin da ya shigo da batir zai karɓi tsoho ya rage wa mutum kuɗin sabo, ko ya biya mu ladan kawo shi a rufe, gobe za a daina fasawa.

Ɗalibin Injiniya: Abin da ka faɗa yana cikin dokokin NESREA, hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, cewa wanda ya ƙera ko ya shigo da kaya yana da alhakinsa har bayan ya mutu. A 2018 ma an kafa EPRON, ƙungiyar kamfanonin da ke ɗaukar wannan alhaki, don kayan lantarki. A takarda akwai, a lungunmu ne ba a gani.

Anti Nas: Ɗan Gwangwan, Allah ya saka maka da ka hana fasawa. Amma can Ogijo ɗin ma mutane ne ke zaune kusa da hayaƙin, an auna jinin mazauna wurin an samu dalma. Mun kawar da ita daga ƙofarmu ne zuwa ƙofar wasu. Roƙona ga kowa a zauren nan: mataccen batir kada ya kwana a ɗakin da yara ke wasa, kada a fasa shi a gida, wanda ya yi aikinsa ya wanke hannu ya canza kaya kafin ya ɗauki ɗansa.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana. Wannan zance mun gan shi da ido a Agbogbloshie, wata kasuwar gwangwan a nan garin. Samari, yawancinsu daga arewacin Gana, suna ƙona wayoyin lantarki don su fitar da jan ƙarfe, baƙin hayaƙi ya rufe kasuwar albasa da ke gefe. Turawa sun yi ta zuwa ɗaukar hoto. A watan Yuli 2021 gwamnati ta kawo katafila ta share wurin. To aikin ya tsaya? Bai tsaya ba, ya watse ne cikin unguwanni, yanzu a bayan gidaje ake yi inda ba mai gani. Kuma abin da masu hoto ba su nuna ba, a wurin akwai masu gyara da za su haɗa maka kwamfuta ɗaya mai aiki daga matattu uku. Irin waɗannan hannayen ne kuke nema a unguwarku yanzu, Malam Sakatare, amma ba wanda ya taɓa ɗaukarsu a bakin komai.

Ɗalibin Injiniya: Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kashi 22 da ɗoriya kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace, a Afirka kuwa bai kai kashi 1 ba. Kuma ba yau aka fara turo mana ba. A 1988 an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako ta hana shigo da sharar guba a 1991. Yanzu ba a ganga take zuwa ba, a kwantenar kayan gwanjo take zuwa, masu aiki a gaba, matattu a baya.

Mai Sola: Maganar Ɗan Zango ita ce tawa. Ku je kasuwannin waya na Farm Centre ko titin Beirut a Kano ku ga yaran da ba su gama sakandare ba suna ɗaga ƙananan sassan waya da iska mai zafi, abin da ido da ƙyar yake gani. Hannu muna da shi. Amma mai kawo aikin rijiya ko na fitila ba ya tambayar wa zai riƙe a unguwar. Da ranar da ake haɗa taku an tsayar da samari biyu na unguwa sun kalli aikin daga farko har ƙarshe, an nuna musu yadda ake wanke faranti da sassafe kafin ya yi zafi, yadda ake karanta fitilar kwantirola, yadda ake gane ruwa ya fara ja baya a rage awannin aiki, da sumon nan bai ƙone ba. Ranar da yashi ya fara fitowa, ranar ya kamata a kashe ta.

Anti Nas, wani abu da zai ɗan kwantar miki da hankali: rijiya ba ta buƙatar batir ko ɗaya. Tanki shi ne batirinta. Rana ta fito ta cika shi, dare a sha. Duk wanda ya ce a sa wa rijiyar unguwa batir, nauyi ya ɗora muku.

Maman Hanifa: In za a buɗe asusu, don Allah a sa mace a cikin masu riƙe shi. Mu muke fara sanin ruwa ya ragu, tun kafin maza su ji labari. Matan layinku sun ga yashin nan a bokitinsu, na tabbata sun yi maganarsa a tsakaninsu, ba su san wa za su faɗa wa ba ne. Kuma a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata, abin da Ɗan Maraɗi ya gani kada ya same ku.

Baban Sadik: Ni dai har yanzu ina ganin muna ɗauke wa hukuma nauyinta. Yau rijiya, gobe taransfoma, jibi kwalbati, duk mu. Amma in an sa kuɗin wata zan bayar, matata ma ta gaji da sayen ruwa.

Sakataren Unguwa: Baban Sadik ba ka yi ƙarya ba, kuma takarda ta uku ma za mu kai. Sai dai ba zan iya ce wa yarinyar nan ta jira amsarta ba. Mai Sola, yaushe za ka samu zuwa? Kuma akwatin nan da ke kulle, mu fasa kwaɗon?

Mai Sola: Asabar in Allah ya kai mu, wajen sha ɗaya na safe, lokacin rana ta yi ƙarfi. Kada ku fasa sai na zo, akwai wuta a ciki ko da famfo ba ya aiki, kuma wutar faranti takwas tana iya kashe mutum. A yi shi a gaban Baba Liman da mai unguwa don kada gobe a ce wani abu ya ɓace. Ku nemo mini doguwar igiya da ɗan ƙarfe mai nauyi mu auna inda ruwa ya tsaya, da sabon littafi mai kauri. Duk abin da muka gani za a rubuta: zurfi, sunan sumo da ƙarfinsa, lambar kwantirola, ranar da aka taɓa kowane abu. Kuɗin dubawa na yafe, in an tashi sayen kaya ku tura mutum biyu mu je kasuwa tare. Samarin nan biyu kuma ku zaɓo su tun yanzu, waɗanda ba su da niyyar barin gari.

Baba Liman: Allah ya yi maka albarka ɗana. Zan tsayar da magidanta bayan sallar Juma'a mu yi maganar kuɗin wata. Shi kuma mai rijiyar, Sakatare, ni zan je masa da kaina. Ba roƙo zan kai ba, haƙƙinsa ne ya san halin da sadakar iyayensa take ciki, kuma wataƙila takardun haƙar suna hannunsa.

Ɗan Gwangwan: In sumon ya tabbata ya ƙone kada ku jefar, kada kuma ku sayar wa yaran da ke yawo da kura. A fara kai wa masu naɗin waya su gani ko irin wanda ake sake naɗawa ne. In ba ya naɗuwa ku kira ni in auna a gabanku, kuɗin ya zama na farko da zai shiga littafin.

Sakataren Unguwa: Na gode ƙwarai. Na samu yaro ɗaya, ɗan maƙwabcina da ke koyon wayarin. Na biyun nake nema. Maman Hanifa, akwai wata malamar Islamiyya a layinmu da mata ke ajiye kuɗin adashi a hannunta, zan tura maiɗakina ta tambaye ta yau da daddare ko za ta yarda ta riƙe littafin.